Tambaya da Amsa: Manhajar Gano Kod ɗin Waƙa da Ta Adana Tarihin Aiki

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowa: biyu daga makaɗa, ɗaya daga wata ɗaliba, ɗaya daga mai situdiyo. Na ɗan gajarta su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina kaɗa fiyano a wajen biki. Sau da yawa dangin amarya kan turo mini waƙa ta WhatsApp ana gobe kamu, su ce ita suke so. Na sauke wata manhaja mai fitar da kod, wato rukunin sautukan da ake dannawa tare a fiyano don raka waƙa. Idan waƙar Turawa ce tana yi daidai, amma da na sa mata tamu ta Hausa sai ta riƙa tsalle-tsalle, yanzu ta ce kod ɗin Am ne, anjima ta ce C ne, wani lokaci ta kawo abin da hannu ba zai iya bi ba. Abokai sun ambata mini Chordify da Chord ai da Moises da Chord Tracker. Wacce zan riƙe?
Mai fiyano, Kaduna.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Kafin mu zo kan sunaye, bari mu leƙa cikin waɗannan manhajoji, don a can amsarka take. Kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi. Sukan yanka waƙar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, su auna ƙarfin sautuka 12 ɗin nan da ke maimaita kansu a fiyanonka, fararen maɓallai 7 da baƙaƙe 5, sannan su gwada da kod ɗin da aka koya musu. Wanda ya fi kama, shi za su rubuto maka. Ƙiyasi ne ke nan, kuma yawancin waƙoƙin da aka horar da su a kai na Turai da Amurka ne, inda jita ko fiyano ke riƙe da kod a fili tun daga farko har ƙarshe.

Tamu ba haka aka gina ta ba. Ginshiƙinta murya ne da amshi da ganga. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka 5 suke yawo. Ɗauki A, C, D, E, G. Idan ka fara lissafi daga A, kana gidan A maino, wato A ne sautin da waƙar ke komawa ta huta a kai, maino kuma zubi ne mai sanyin sauti. Idan ka fara daga C, sautukan nan dai ba su canja ba, amma kana gidan C mejo, wato zubi mai armashin sauti. Ƙari a kan haka, kod ɗin Am ya ƙunshi A da C da E, shi kuma C ya ƙunshi C da E da G. Sautuka biyu cikin uku nasu ɗaya ne. To da mawaƙi ya ɗan jingina muryarsa a kan G, sai manhaja ta ce C, da ya sauko A ta ce Am, alhali wanda ya kaɗa waƙar a situdiyo bai ɗaga hannunsa na hagu daga wuri ɗaya ba. Wannan shi ne tsalle-tsallen da kake gani.

Sai kalangu. Yawancin gangunan Turawa duka ne kawai, manhaja ta san yadda za ta kauce musu. Kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauko, kuma a tsakanin hawa da saukar yana ratsa sautukan da babu su a kan fiyano. Na'ura ba ta san ganga ce ba, sai ta lissafa shi cikin kod, ta kawo maka wani dogon suna mai lambobi a jiki.

Idan kuma waƙar gargajiya ce ta goge ko gurmi ko garaya, akwai batun saiti. Fiyanonka an saita shi a kan ma'aunin da sautin A ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, maɓallin da ke bi masa kuma kusan 466. Mai gurmi da muryarsa yake ɗaure tsirkiya, ba ruwansa da 440. Idan ya faɗa a tsakiyar maɓallai biyu, manhaja za ta yi ta kai-kawo a tsakaninsu. Haka ma tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset, don rikodar da aka kwafa da ita kan yi sauri ko ta ja. A irin wannan kada ka wahalar da kanka da neman wata manhaja. Shiga saitin fiyanonka ka ɗan ɗaga ko ka sauke shi har ya hau kan waƙar.

Yanzu sunayen da ka kawo. Chordify ta ƙasar Holan ce, ta fito a 2013. Ƙarfinta a YouTube yake: ka ba ta waƙa, ta jera maka kod a cikin akwatuna suna tafiya tare da kiɗa. Tana da daɗin bi ga mai koyo, amma sai da intanet, kuma wasu abubuwan, kamar sauya wa waƙa gida don ta dace da muryar mawaƙinka, sai wanda ya biya. Chord Tracker ta kamfanin Yamaha ce, kyauta ce, kuma tana aiki a kan waƙar da ke ajiye cikin wayarka. Tana rage gudun waƙa, tana sauya mata gida, tana kuma haɗuwa da wasu fiyanon Yamaha. Tunda ta WhatsApp ake turo maka waƙoƙi, wato suna cikin wayarka, ita ta fi dacewa da halin da kake ciki. Chord ai tana saurare ta makirfon ɗin waya nan take, ba sai da data ba, don haka tana da amfani idan kana tsaye a wuri ana kiɗa. Sai dai hayaniyar taro ma cikin kunnenta take shiga.

Moises daban take, kuma ita na fi so ka fahimta. Ta fito a 2019, kuma babban aikinta rarraba waƙa ne: murya gefe, ganguna gefe, bes (kiɗan nan mai kaurin sauti) gefe, sauran kayan kiɗa gefe. Tana nuna kod ita ma, amma ba don shi nake yaba ta ba. Idan ka kashe ganguna da murya ka bar bes shi kaɗai, kunnenka zai ji abin da a da ya ɓuya. Kuɗinta data ne, don sai ka ɗora waƙar a intanet an sarrafa ta a can, kuma ta kyauta tana da iyakar waƙoƙin da za ka sa. Wani lokaci kalangu kan ɗan tsallaka cikin layin bes, amma duk da haka aikin ya ragu ƙwarai.

Akwai biyu da ba ka ambata ba. Ultimate Guitar tun 1998 take, kuma mutane ne ke rubuta kod da hannunsu su ɗora. Ga waƙar waje ta fi na'ura aminci, musamman wadda jama'a da yawa suka duba suka yaba, amma da wuya ka sami tamu a ciki. Mai kwamfuta kuma yana iya sauke Sonic Visualiser, wadda aka yi a jami'ar Queen Mary ta Landan, ya ƙara mata Chordino, ƙarin da ke fitar da kod. Kyauta ne duka, ba su buƙatar intanet bayan saukewa, sai dai suna son haƙuri.

Ga yadda nake yi idan aka ba ni waƙa da daddare. Nakan fara da amshi, ba da baiti ba, don a amshi waƙa take komawa gida. In saurari sautin da 'yan amshi suke sauka a kai a ƙarshen layi, in neme shi da yatsa ɗaya a hannun hagu. Idan na same shi, sai in danne shi in bar waƙar ta ci gaba. Muddin bai yi faɗa da murya ba, ba na motsawa. Inda na ji ya fara karo, nan ne wurin canji, sai in nemi inda bes ya koma. Bayan na gama wannan nake buɗe manhaja in gwada nawa da nata. Inda muka yi daidai, shi ke nan. Inda muka saɓa, in maimaita wurin a hankali, kunne ya raba gardama. Waƙoƙin biki da yawa za ka tarar kod uku ko huɗu ne ke juyawa, ko da allon waya ya nuna maka goma sha. Abin da ka tabbatar kuma ka rubuta shi a wuri ɗaya, kada ka bar shi a cikin manhajar wani kamfani. Duba amsa ta ƙarshe, akwai hanyar rubutawa a can.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Mu nan da do, re, mi muka koyi kiɗa, amma manhajojin nan baƙaƙe suke nunawa. Yaya zan daidaita?
Mai jita, Damagaram.

AMSA: Ina amsawa, ɗan'uwa. Tsarin Faransa ne kuka gada, mu kuma na Ingila. C shi ne do, D re, E mi, F fa, G sol, A la, B si. Ƙaramin m a gaban baƙi yana nufin maino, don haka Am shi ne la maino. Ka leƙa saitin manhajarka, wasu suna bari a juya sunayen. Idan taka ba ta yi, rubuta jerin nan a takarda ka manna a jikin jita, ba za ka daɗe ba ka haddace.

TAMBAYA: Malam, barka da war haka. Ina shekarar ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta. Mu uku ne muke rubuta manhaja ɗaya. Kowa na gyara nasa ya tura ta WhatsApp, har ta kai ba mu san wane fayil ne na ƙarshe ba, kuma gyaran wata ya goge na wata. Wani malaminmu ya ce Git, wani tsohon ma'aikaci ya ce Subversion ta fi sauƙi, ƙawata ta ce Google Drive ya wadatar. Wanne ne daidai? Kuma Git da GitHub abu ɗaya ne?
Ɗaliba, Zariya.

AMSA: Ƙanwata, Git za ku ɗauka, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara da aka yi wa aiki, kuma yau za ku fara. Amma tunda kin tambaya, ga dalili.

Google Drive ma'ajiya ce mai kyau. Takan riƙe tsofaffin kwafin fayil na kimanin kwana 30, sai dai ba za ta nuna miki layin da aka canja a rubutun manhaja ba, balle ta haɗa gyaranki da na ƙawarki wuri ɗaya. Wanda ya ɗora a ƙarshe shi ke sama. Ciwon da kuke fama da shi ke nan, an dai sauya masa ɗaki.

Tsohon ma'aikacin bai yi ƙarya ba. Subversion, wadda kamfanin CollabNet ya fara a 2000 kuma yanzu take hannun gidauniyar Apache, tana da sauƙin ganewa. Kamar littafin ciniki ne guda ɗaya a teburin maigida a Kantin Kwari: duk yaron da ya sayar da atamfa sai ya zo teburin ya rubuta, idan an rufe shago kuma babu rubutu sai gobe. Tarihin aikin yana kan saba guda, wato babbar kwamfutar da kowa ke haɗuwa da ita, kuma ba a shigar da gyara sai an haɗu da ita. A Git kuwa kowace ɗayarku tana da cikakken tarihin a kwamfutarta. Kina iya shigar da gyara, ki duba na jiya, ki koma na makon jiya, duk ba tare da intanet ba. Sai lokacin musayar aiki kawai za ki buƙaci haɗuwa da sauran. Ga ɗalibar da ke ɗakin kwana, data na ƙarewa, wuta na ɗaukewa, wannan bambancin shi ne komai. Ko ta filashi ma kuna iya musayar, don Git tana karɓar folda a matsayin wurin turawa da ɗaukowa.

Linus Torvalds ne ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan masu gina Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, sun rasa damar amfani kyauta da BitKeeper, wadda suke adana tarihin aikinsu da ita. Dubban mutane ne a ƙasashe daban-daban ke aiki a kan abu ɗaya, shi ya sa aka gina ta don masu aiki a warwatse. A Afrilun 2005 ɗin dai aka fara Mercurial, mai irin wannan tsari, wadda mutane da yawa ke ganin ta fi Git sauƙin umarni. Amma jama'a sun karkata ga Git, har Bitbucket ta daina karɓar Mercurial a 2020. Duk inda za ki nemi aiki bayan bautar ƙasa, Git za a tambaye ki.

GitHub kuma kamfani ne mai ajiye ayyukan Git a intanet. An buɗe shi a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. GitLab da Bitbucket ma irin aikinsa suke yi. Git tana aiki ko babu ɗayansu.

Umarni kaɗan sun ishe ku a makon farko. Ɗayarku ta shiga foldar aikin ta buga git init, sannan git add da git commit, ta tura zuwa GitHub ko makamancinsa da git push. Sauran biyu su ɗauko da git clone. Daga nan kullum kafin ki taɓa komai ki buga git pull. Duk gyaran da za ki shigar ki rubuta masa bayani na gaskiya, kamar "na gyara lissafin maki a shafin sakamako", ba "gyara" kawai ba, don wata uku nan gaba wannan layin ne zai cece ki a gaban masu duba aiki. Ranar da ku biyu kuka canja layi ɗaya, Git za ta tsaya ta nuna muku duka biyun ta ce ku zaɓa. Kada ku firgita, ba lalacewa ba ce, abin da WhatsApp ya kasa yi muku ke nan. Ina roƙonku abu ɗaya: kada kalmar sirri ta shiga cikin abin da kuke turawa. Ko kun goge ta daga baya tana nan a cikin tarihi.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Ina da ƙaramin situdiyo, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki. Mawaƙi kan zo ya ce a canja kiɗa, bayan mako biyu ya dawo ya ce na farko ya fi. Kwamfutata ta cika da "ta ƙarshe", "ta ƙarshe 2", "ta ƙarshe ta gaske". Ƙanena mai karatun kwamfuta ya ce in sa komai a Git. In bi shawararsa?
Mai situdiyo, Kano.

AMSA: Amin, maigida, tare da kai. Ka bi rabin shawararsa.

Git don rubutu aka yi ta. Idan aka canja layi ɗaya a rubutu, takan gane, ta nuna, ta matse ajiyar ta zama 'yar kaɗan. Sauti ba haka yake ba. Minti ɗaya na fayil ɗin sauti na WAV a ma'aunin faifan CD ya kai kusan megabait 10. Waƙa mai minti 5 ta kai 50 ke nan, kuma wannan na murya ɗaya ne ko kayan kiɗa ɗaya kawai. Ka lissafa muryar mawaƙi, da 'yan amshi, da kalangu, da bes, da fiyano. Duk lokacin da ka taɓa ɗaya ka sake fitar da shi, kusan sabon fayil ne Git za ta ƙara a kan tsohon, kuma ba ta mantuwa. GitHub ma ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce megabait 100 ta hanyar da aka saba. An yi wani ƙari mai suna Git LFS a 2015 don manyan fayiloli, amma wurin ajiyarsa na kyauta yana da iyaka, ga datar ɗorawa. Uwa uba, Git ba za ta iya gaya maka cewa a wannan kwafin ka ƙara wa bes ƙarfi ba, iyakarta ta ce fayil ya canja. Shi ya sa masu aiki da manyan fayiloli, irin kamfanonin wasannin kwamfuta, da yawansu suke amfani da Perforce ko Subversion, masu ba da damar kulle fayil har mutum ɗaya ya gama da shi. Kai da kake aiki kai kaɗai ko da yaro ɗaya, wannan ya yi maka nauyi.

Abin da kake nema yana cikin FL Studio ɗin da ke gabanka. Danna Ctrl da N tare, za ta ajiye sabon kwafin aikin da lamba a gaban sunansa, ta bar tsohon yadda yake. Cubase, wata manhajar haɗa kiɗa, ita ma tana da irinsa. Fayil ɗin aikin ƙarami ne, don ba ya kwafe sautukan, nuni kawai yake yi zuwa inda suke. Wannan kuma shi ne hatsarinsa: idan ka naɗi sabuwar murya a kan sunan tsohuwa, tsohon kwafin zai buɗe amma da sabuwar murya. Saboda haka muryar da aka naɗa ba a taɓa ta, ba a sake mata suna, ba a goge ta. Kowace waƙa da foldarta. Duk abin da ya fita zuwa hannun mawaƙi ka sa masa kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, don kwamfuta ta jera su da kanta, ka kuma rubuta lambar kwafin aikin da ya fito daga ciki. Ranar da ya dawo ya ce na farko ya fi, ka ce ya nuna maka wanda ke wayarsa, sunan fayil ɗin zai kai ka wurin. Kowane ƙarshen mako ka kwafe komai zuwa faifan ajiya na waje, ka tafi da shi gida. Kada ya kwana a shago ɗaya da kwamfutar.

Inda ƙanenka ya yi gaskiya shi ne baituka da kod. Wannan ɓangaren ya fi damuna, don nan ne muke asara ba mu sani ba. Mawaƙi ya rubuta baiti a takardar da ta ɓace, mai fiyano ya riƙe kod a ka, bayan shekara biyu a nemi a sake kaɗa waƙar a dandali a rasa mai tunawa. Akwai wani tsarin rubutu mai suna ChordPro, tun 1991 ake amfani da shi. Ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman, Notepad ma ta isa. Kana rubuta baitin ne, ka saka kod a daidai gaɓar da hannu zai canja, kamar haka:

[Am]Damina ta sauka, [G]manoma mu je [Am]gona

Fayil irin wannan bai kai nauyin hoto ɗaya ba, ko da waƙoƙi ɗari ne a foldar. Akwai manhajojin waya da ke karanta shi su ɗora kod a saman kalmomi, su kuma sauya gida idan mawaƙiya ce za ta rera maimakon namiji. Shi ne ya dace da Git sosai: idan aka canja baiti na uku, za ka ga tsohon layi da sabo, da ranar da aka canja, da wanda ya canja. Idan wata rana gardama ta taso a kan wanda ya kawo wane baiti, wannan tarihin zai taimaka wajen tuna yadda aka yi, ko da yake ba ya maye gurbin yarjejeniya a rubuce tsakaninka da mawaƙi.

Ka ce wa ƙanen naka ya saka maka GitHub Desktop, wadda ake aiki da ita da linzamin kwamfuta ba sai an buga umarni ba, ya buɗe maka ma'ajiya ta sirri, wadda tun 2019 kyauta ce. A ciki ka sa baituka, da kod, da ɗan fayil guda na kowace waƙa mai ɗauke da gidanta, da gudun kiɗanta, da sunayen waɗanda suka yi amshi. Sautukan kuma su zauna a faifanka.